Daga Kebbe Zuwa Wurno: Yadda Ake Shirya Ziyara

 Yau hirar tafiya za mu yi, kuma da ku muke, mutanen Kebbe da Kuchi da Tambuwal da ƙauyukan da ke kewaye, musamman iyayenmu mata, waɗanda da zarar an kai amfanin gona rumbu sai a fara karo-karon kuɗin mota, za a je Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake a Sakkwato.

Kowa ya san yadda aka saba. A tashi da asuba, a cika mota maƙil, a hau kwalta a Tambuwal, a isa Sakkwato da hantsi, a yi ziyara, a leƙa kasuwa, a juyo kafin magariba. Babu laifi, Allah ya ba da lada. Sai dai wanda ya yi haka, rabin abin da ya fito nema ta tagar mota ya wuce shi, direba yana gudu. Tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa ba a ɗaki ɗaya yake ba. A warwatse yake a garuruwan da muke ratsawa kullum, kuma in an ware kwana uku ana iya bin sa kusan yadda ya faru.

A yammacin Indiya, inda wasu 'yan uwanmu kan je neman magani ko fatauci, irin wannan tafiya sana'a ce guda. Mutum kan zauna tun da sauran watanni ya tsara ranar da zai shiga kogunan Ellora guda 34 da aka sassaƙa a jikin dutse, da ranar da zai isa birnin Ahmedabad ya ga masallacin Sidi Sayyid, wanda wani ɗan asalin Habasha ya gina a 1573, har da abin da zai ci a kowane gari ya rubuta. Ba su fi mu abin gani ba ta fuskar ilimi da jihadi. Tsari suka fi mu, da allunan bayani, da masu yi wa baƙo jagora.

To, mu fara daga gida. Tambuwal ribaɗi ne, wato garin tsaron iyaka, kuma ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, shi ya zauna a nan. Gidan sarautar garin zuriyarsa ce. Malami ne, mawaƙi da Larabci, mayaƙi kuma. Matasa nawa ne a cikinmu suke wucewa ta ƙofar fada kullum a kan babur ba su taɓa tsayawa sun gaida dattawan wurin sun ce, "Baba, a ba mu labari" ba? Kafin a tayar da mota, a yi wannan. Ba a biyan ko kwabo.

Daga nan kada a miƙe Sakkwato. A karkata zuwa Gwandu, a Jihar Kebbi, domin can jama'ar Shehu suka fara samun mazauni mai ɗorewa bayan hijirar 1804, kuma kusa da nan aka yi yaƙin Alwasa a 1805, inda suka sha wuya ƙwarai har aka biyo su ƙofar gari. A Gwandu kabarin Malam Abdullahi ƙanen Shehu yake, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, mutumin da ya taɓa barin rundunar jihadi ya kama hanyar gabas saboda ganin son duniya ya fara shiga zukatan mutane, sai Kanawa suka tsayar da shi ya karantar da su. Ni a ganina, ɗalibin da ya je Hubbare bai je Gwandu ba, karatunsa da saura. A wannan garin ne kuma Baturen nan Heinrich Barth, a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya samu littafin Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya, ta nan Turai ta san labarin daular Songhai sosai. Ku duba irin littattafan da ke ajiye a ɗakunan malaman garin a wancan lokaci.

Ga wata shawara da na san ba kowa zai so ta ba. Daga Gwandu a wuce Argungu a kwana. Wani zai ce, me ya haɗa ziyara da garin da ya shekara da shekaru yana yaƙi da Sakkwato da Gwandu? Ai shi ya sa. Kabawa, mutanen Argungu, suna da nasu labarin, tun daga sarkinsu Kanta da birninsa Surame a ƙarni na 16, kuma a gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fada ce, za ka ga makamai da tambura da kayan su, ka ji yadda masu gida suke ba da labarin yaƙe-yaƙen da kai ka ji daga ɗaya ɓangaren. Bikin kamun kifi ma da ake ji a duniya, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2016, ya samo girmansa ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, bayan an daɗe ana gaba. Ba kowace shekara ake yin bikin ba, don haka a bincika kafin a ɗaura niyya a kansa. Amma kifi, wannan kullum akwai. A nemi masu suya da yamma, a zaɓa da ido, a tsaya a soya shi a gabanka, a barbaɗa yaji. In da sauran kuɗi a sayi banda a ƙulle don miyar gida. Tuwon shinkafa kuwa, ƙasar fadama ce, ba sai an faɗa ba.

Tunda mun taɓo ciki, bari mu ƙarasa. Guzurin da ya fi amana a wannan hanya shi ne hoce. Ba ya lalacewa da wuri, ba ya zuba a jaka, kuma in aka samu ƙuli-ƙuli da ruwa mai sanyi, an gama da yunwa har la'asar. Fura kuwa a saya a inda za a sha. Ki tsaya ki ga mai nono ta buɗe faifai, ta ɗebo da ludayi, ta dama a gabanki, ki tambayi ruwan da za ta zuba, in kina shakka ki miƙa mata naki na leda. Ciwon ciki a motar haya mai mutum goma sha takwas ba abin wasa ba ne, Hajiya, kin fi ni sani.

Kashegari a nufi Sakkwato, amma a sa Sifawa da Boɗinga a lissafi. A Sifawa Shehu ya zauna bayan ya bar Gwandu har zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, kuma a wannan zaman ne, a 1812, ya raba kula da ƙasa biyu: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Abdullahi kuma a Boɗinga ya zauna a lokacin, kusa da wansa. Abin takaici, baƙo zai iya ratsa garuruwan nan biyu bai san ya taka wurin da aka yanke wannan babbar shawara ba. A tsaya, a yi sallama, a tambayi liman ko mai gari. Za a samu wanda zai nuna.

Sai Hubbare. Nan gidan Shehu ne, nan aka binne shi a 1817, kuma nan 'yarsa Nana Asma'u take, da sarakunan Musulmi na baya-bayan nan irin su Abubakar na Uku da Muhammadu Macciɗo. Iyayenmu mata, wannan tafiya da kuke yi tana da asali. Nana Asma'u ce ta naɗa dattijai mata masu sanya malfa, waɗanda ake kira jaji, su riƙa tattaro matan ƙauye suna kawo su wurinta ɗaukar karatu, su ne 'yan taru. A shiga da ladabi, a cire takalmi a riƙe shi ko a ba wanda aka sani, a tanadi canji tun daga gida domin mabarata suna da yawa a ƙofa kuma babu mai ba ka canjin dubu a wurin. A yi sallama, a yi wa mamata addu'a. Shehu da kansa ya yi gargaɗi a Ihya'us Sunna kan bidi'o'in da ake yi a maƙabarta, bai dace a je gidansa a yi abin da ya hana ba.

In an fito, masallacin Shehu da na Bello suna nan kusa, ga fadar Sarkin Musulmi. Malaman makaranta da suka zo da yara, ku kai su cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu su ga rubuce-rubucen hannu da idonsu, amma a je ranar aiki. Mai son tsaraba ya nemi shiyar Maɗunka, inda ake ɗinka fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Kilishi kuwa a ɗanɗana kafin a biya.

Rana ta uku ta Wurno ce, ribaɗin da Sarkin Musulmi Bello ya fi son zama, inda ya rasu a 1837 aka binne shi. Garin yana kan tudu yana kallon fadamar Rima, kuma in lokacin ya dace za a dawo da albasa da tafarnuwa.

Za ku ce ban ambaci Ɗegel da Gudu da Tabkin Kwatto da Alƙalawa da Surame ba. Da gangan ne. Halin tsaro a wasu sassan gabas da arewacin jihar ba ɓoyayye ba ne, mu nan Kebbe ma mun ɗanɗana. Kada a nufi ɗayansu sai an tambayi direbobin tasha da mutanen yankin a ranar da za a tafi, ba labarin makon jiya ba. Lokacin tafiya kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, domin daga Maris zafi kan haura digiri 40, tsofaffi ba za su jure ba. A yi ciniki da direba a kan kwana, ba a kan zango ba, a kuma sanya masa sharaɗin tsayawa. Daga Wurno a tashi da wuri, ta Shagari da Dogon Daji, yadda za a bar kwaltar Tambuwal a kama hanyar Kebbe da sauran rana.

Nan za mu dakata. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.