Na'urar da Ke Buga Magani Gwargwadon Majinyaci

A ƙasar Miga, kamar sauran ƙauyukan Jigawa, idan yaro ya kwanta ciwo, ƙwayar da ke hannu kuwa ta manya ce, akan karya ta biyu ko huɗu, a niƙa a cokali a ɗura masa. An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima, amma a sha'anin magani ƙima ba ta wadatarwa. In ya gaza, cuta ba ta tafi ba. In ya zarce, ya zama dafi.

To, masana sun sami wata dabara. Kowane almajiri ya san yadda ƙaro ke shan ruwa ya yi danƙo, har ya riƙe tawada a kan allo. Haka suke kwaɓa magani a cikin wani abu mai danƙo mai riƙe ruwa, wanda akan samo daga ɓawon 'ya'yan itace ko ciyawar teku. Sai a ɗura kwaɓin a na'ura mai bakin allura. Likita ya auna nauyin yaro, a rubuta adadin a kwamfuta, na'ura ta riƙa zubo kwaɓin shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ƙwaya mai taushi ta fito daidai da shi.

A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da Spritam, maganin farfaɗiya, shi ne ƙwaya ta fari da aka buga da na'ura, ko da yake da gari aka yi shi. A 2019 kuma aka ba da labarin yara 4 a asibitin Santiyago ta ƙasar Sifen, masu wata cutar gado, waɗanda aka buga wa ƙwayoyin taunawa, kowa da awonsa. Maganin ya zauna a jininsu kusa da yadda likitoci suke so.

Sai dai da sauran aiki kafin wannan ya iso Miga. Na'ura tana son lantarki marar yankewa da ƙwararren mai haɗa magani. Abu mai ruwa kuwa zafin bazara na busar da shi, raɓar damina na sa shi fumfuna. Ga kuma iznin NAFDAC.

Kafin ranar, abin da ya wajaba ga iyaye shi ne su kai yaro asibiti a ɗora shi a sikeli, su nemi magani irin na yara, kada su karya ƙwaya sai da umurnin likita. Wassalam.