Hasashen Magoya Baya Da Hukuncin Fili: Darasi Daga Ƙungiyar Detroit Lions

A ƙarshen watan Afrilun 2024, fiye da mutum 700,000 suka yi dafifi a tsakiyar birnin Detroit na jihar Mishigan cikin kwana uku. Babu wasan da aka buga a wurin. Jin sunaye ne ya tara su: ƙungiyoyi 32 na gasar ƙwallon ƙafar Amurka, wato NFL, suna zaɓen matasan 'yan wasa daga jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, ana shelar sunan kowane daga kan dandamali. Mafi yawan waɗanda suka tsaya a wurin sun riga sun tsara nasu jerin tun makonni kafin ranar. Kowa ya zo ne ya ga ko shugabannin ƙungiyarsa za su yi abin da ya hango musu.

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila zai yi mamakin tsawon hutun wannan gasa. Ana fara kakar wasa a watan Satumba, kowace ƙungiya ta buga wasa 17 kacal, a kammala da wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu. Daga nan sai shiru na kusan wata bakwai. Wannan dogon rani shi ne kasuwar hasashe. A watan Maris ana cinikin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, a Afrilu a yi zaɓen matasa, a Mayu a fitar da jadawali, magoya baya su bi shi layi-layi suna rubuta inda za a ci da inda za a sha kashi. A ƙarshen Yuli kuma a buɗe sansanin atisaye, inda muhawara mafi zafi take tashi: su wa za su tsira a cikin tawaga?

Tambayar tana da nauyi saboda ƙa'idar gasar. Ƙungiya tana shiga sansani da 'yan wasa har 90, amma zuwa ƙarshen Agusta dole ta rage su zuwa 53. In aka haɗa ƙungiyoyin gaba ɗaya, kusan mutum 1,200 ke rasa gurbi cikin 'yan kwanaki. Wasu daga cikinsu a sake ɗaukarsu cikin rukunin 'yan atisaye mai mutum 16, da ƙarin gurbi ɗaya da aka keɓe wa ɗan wasan da ya fito daga wata ƙasa. Wasan na mutum goma sha ɗaya-ɗaya ne a fili, sai dai masu kai farmaki daban, masu tsaron gida daban, masu bugun ƙwallo da ƙafa daban. Saboda haka rabon gurabe 53 lissafi ne mai wuya. A ajiye kwatabak biyu ko uku, wato madugun da ke jefa ƙwallo yana tsara farmaki? Ƙartin da ke kare shi, tara za a riƙe ko goma? In an ƙara mai cafke ƙwallo na shida, wa za a sallama a ɓangaren tsaro? Sunaye arba'in da 'yan kai kowa ya san su tun kafin a fara atisaye. Gardamar duka a kan ragowar ƙalilan ɗin nan ne, waɗanda watakila ba za su taɓa ƙwallo sau goma ba a kakar.

Babu ƙungiyar da ta fi Detroit Lions dacewa a yi nazarin wannan ɗabi'a a kanta. Ta ci kambin gasar a 1935, 1952, 1953 da 1957, daga nan ruwa ya ɗauke. A 1958 ta yi musanyar fitaccen kwatabak ɗinta Bobby Layne, kuma har yau mutanen birnin suna ba da labarin cewa ya yi musu baki, wai sai sun shekara hamsin ba su ga nasara ba. Tatsuniya ce ta 'yan kallo, amma abin da ya faru daidai cikar shekara hamsin ɗin ya sa ta samu gindin zama.

Kafin a kai ga wannan, a dubi kakar 2007. Kwatabak ɗin ƙungiyar a lokacin, Jon Kitna, ya fito fili ya ce za su ci aƙalla wasa goma. Da aka buga wasa takwas na farko suka ci shida, birni ya ɗauka maganarsa ta tabbata. A takwas ɗin da suka rage ɗaya tak suka ci. Mutumin da yake cikin ɗakin sauya kaya, yana ganin atisaye kullum, shi ma lissafinsa ya zama na dokin Rano.

Sai 2008. A wasannin share fage na watan Agusta, Lions ta buga huɗu ta ci huɗu. Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar yaudara ta yi. Da aka shiga kakar gaske, ƙungiyar ta buga wasa 16 ta sha kashi a duka 16, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar. 'Yan kallo suka riƙa zuwa fili da jakar takarda a ka don ɓoye fuska. Shekara tara bayan haka Cleveland Browns ta maimaita abin daidai wa daida: ta cinye wasannin share fage huɗu na 2017, ta faɗi a wasanni 16 na kakar. Dalilin a fili yake. A wasan share fage kociyoyi suna hutar da manyan 'yan wasansu, suna ɓoye dabarunsu, suna gwada waɗanda za a sallama. Mai gina hasashensa a kan sakamakon Agusta yana auna mutanen da da yawansu ba za su kai Satumba ba.

Irin wannan tarihi yana canza zuciyar mai goyon baya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Mutanen Detroit sun ga Barry Sanders, ɗaya daga cikin gwanayen gudu da ƙwallo da aka taɓa yi, ya ajiye wasa a 1999 yana kan ganiyarsa. Sun ga Calvin Johnson ya yi haka a 2016 yana ɗan shekara 30. Sun ga manaja Matt Millen ya kashe zaɓin farko na shekara uku a jere, 2003 zuwa 2005, a kan masu cafke ƙwallo, ba tare da an ga canji ba. Har suka samu wata magana da suke maimaitawa duk lokacin da abu ya lalace, ma'anarta dai Lions ɗin jiya ita ce ta yau. Daga nan hasashensu ya karkata zuwa mugun zato, kuma mugun zaton ma bai fi kyakkyawan zato iya hangen gobe ba.

Shaida ita ce abin da ya biyo bayan 2021. A farkon shekarar ƙungiyar ta ɗauki Brad Holmes a matsayin manaja da Dan Campbell a matsayin koci, ta kuma miƙa wa Los Angeles Rams kwatabak ɗinta na shekara goma sha biyu, Matthew Stafford. A madadinsa ta karɓi Jared Goff da damar zaɓe guda uku, biyu daga ciki a zagayen farko. Ra'ayin da ya fi yawo a lokacin shi ne Goff ɗan riƙon ƙwarya ne kafin a samu na gaske. Abubuwan farko sun yi kama da tabbatar da haka: Lions ba ta ci wasa ba sai a Disamba, ta ƙare da nasara uku, Stafford kuwa ya ɗaga kofin Super Bowl da Rams a Fabrairun 2022. Kakar 2022 ma ta fara da faɗuwa shida cikin wasa bakwai, aka fara kiran a kori koci. Sai ƙungiyar ta ci takwas cikin goman da suka rage. A Mayun 2024 Goff ɗin da aka raina ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 212, bayan dubban mutane sun yi ta rera sunansa a filin ƙungiyar na Ford Field.

Zaɓen matasa ya fi kowane fanni tona asirin masu hasashe. Amon-Ra St. Brown shi ne na 112 a zaɓen 2021, bayan an ɗauki masu cafke ƙwallo 16 kafin shi, ya kuma haddace sunayensu duka don kada ya manta. Yau yana sahun gaba a gasar. A 2023 Holmes yana da zaɓi na shida, ya musanya shi da Arizona ya koma na 12, ya ɗauki Jahmyr Gibbs, mai gudu da ƙwallo, sannan ya ɗauki ɗan tsaro Jack Campbell a na 18. Masu sharhi da magoya baya suka yi masa ca, domin abin da aka saba ji shi ne ba a kashe babban zaɓi a kan waɗannan gurabe. Da ƙarin zaɓin da ya samu a musanyar ya ɗauko Sam LaPorta, wanda ya cafke ƙwallo 86 a shekararsa ta farko. Gibbs kuwa ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya sau 20 a kakar 2024, babu wanda ya kai shi a gasar. A kakar 2023 ɗin Lions ta ci wasa 12, ta zo ta ɗaya a rukuninta karon farko tun 1993, ta kuma doke Rams ta Stafford da ci 24 da 23, nasararta ta farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale cikin shekara 32. Daga baya, saura taki ɗaya ta kai Super Bowl, tana gaban San Francisco da 24 da 7 a hutun rabin lokaci, aka tashi 34 da 31 ba ita ke da nasara ba.

Nan fa hasashe ya juya baki ɗaya. Waɗanda jiya ba sa yarda da alheri suka fara maganar kofi. Kuma sun yi kusa da gaskiya, domin a 2024 ƙungiyar ta ci wasa 15 cikin 17. Abin da babu wanda ya sa a lissafinsa na Agusta shi ne ranar 13 ga Oktoba a Dallas, lokacin da Aidan Hutchinson, ginshiƙin tsaronta, ya karye a ƙafa. Ban da shi, 'yan tsaro fiye da goma suka shiga jerin masu jinya a kakar. A Janairun 2025 Washington Commanders, wadda wasa huɗu kacal ta ci a kakar da ta gabata, ta zo har gida da sabon kwatabak Jayden Daniels ta fitar da Lions da ci 45 da 31. A wannan wasan, sunayen da suka tsaya a ɓangaren tsaronta su ne irin waɗanda ake gardama a kansu a ƙarshen jeri, da waɗanda aka kira daga gida a tsakiyar kaka.

Kuskuren mai hasashe ba duka laifinsa ba ne, domin an gina gasar ne yadda gobe ba za ta yi kama da jiya ba. Ba a faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a Turai. Ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ita ke fara zaɓen matasa. Akwai iyakar kuɗin albashi da ba a tsallakewa, dala miliyan 255.4 ga kowace ƙungiya a 2024, don haka mai tarin gwanaye dole wata rana ya saki wasu. Wani sashe na jadawali ana tsara shi ne bisa matsayin bara, na ɗaya ya haɗu da na ɗaya. Nasara kuma tana jawo a kwashe maka ma'aikata: cikin kwanaki bayan wasan Washington, mataimakan koci Dan Campbell biyu suka zama kociyoyi a wasu wurare, Ben Johnson a Chicago Bears, Aaron Glenn a New York Jets. A kan wannan duka ga ƙarancin wasanni. A gasar da ake buga wasa 38, sa'a da rashinta suna narkewa a hanya. A wasa 17, ƙwallo biyu da suka kauce wa raga sun isa su raba mai zuwa zagaye na gaba da mai komawa gida.

Da can, mai hasashen da ya kuskure dariya kawai abokansa za su yi masa. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, Mishigan kuma ta fara tata ta intanet a farkon 2021, kamfanoni sun mayar da wannan hira hanyar tatsar aljihu. Duk wanda ya bi tarihin Lions daga Kitna zuwa Hutchinson ya san wanda zai ci riba a irin wannan ciniki.

Hasashen kansa dai ba abin raini ba ne. Shi ne ke sa ma'aikacin masana'antar mota ya san sunan ɗan wasa na hamsin da uku, ya fahimci dokar albashi, ya samu abin tattaunawa da ɗansa daga Maris zuwa Agusta. Sai dai a karanta shi a matsayin ma'aunin zuciyar mai yinsa: a 2008 buri ya rufe wa mutanen Detroit ido, a 2021 tsoro ya rufe, a 2024 kuma suka manta cewa jikin ɗan Adam ne ke buga wasan. Mai hankali a cikinsu shi ne wanda, kafin ya rubuta yawan nasarori, yake tambayar wa zai shiga in gwani ya faɗi. Har yau ƙungiyoyi huɗu ne ba su taɓa buga Super Bowl ba: Cleveland, Jacksonville, Houston da Detroit.