Maƙerin Fari da Tsohon Kuɗi a Birnin Zazzau

A cikin ganuwar Zazzau babu wanda ya kai maƙerin fari sanin tsohon kuɗi, kuma babu wanda ya kai shi cinye shi. Maƙerin baƙi yana can yana fama da garma da lauje da gatari. Shi kuwa na fari harkarsa azurfa ce da tagulla: zobe, munduwa, awarwaro, 'yan kunne, da adon dawakin da ke sukuwa a ƙofar fada ranar hawan Sallah. Kayan aikinsa ba su cika rumfa ba. Zugazugi ne da gawayi, ƙaramar uwar maƙera, masaba, awartaki, magagari, sai ɗan kaskon da ake narka ƙarfe a ciki. Yaro yana zuga, maigida yana duban launin wuta.

Azurfar da iyayensa da kakanninsa suka yi aiki da ita ba haƙo ta suka yi ba, a matsayin kuɗi ta zo musu. Fatake ne suka riƙa shigo da dalar Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, ta hanyar Sahara tun ana ciniki da wuri, lokacin da keso guda ke cin wuri 20,000. Dalar tana da nauyin giram 28, kuma kashi 83 cikin 100 nata azurfa ce. A gaba hoton sarauniya, a baya gaggafa mai kai biyu. Mai ita kan zo da murna, yana nuna shekarar 1780 da ke jikinta, wai ya tsinci dukiya a adakar kakarsa. Maƙeri sai ya yi murmushi. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma duk wadda aka buga bayan nan, har cikin ƙarni na 20, 1780 ɗin aka ci gaba da sa mata. Abin da zai yi shi ne ya sake ta a kan uwar maƙera ya kasa kunne. Azurfar ƙwarai tana da amo mai zaƙi da jan lokaci, ta jabu kuwa ƙwas take yi ta mutu. Daga nan sai sikeli. "Malam, nauyi nake saye," in ji shi.

Bayan Turawa sun kama Zariya a 1902, sai wata azurfar ta biyo. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fito da sule da fataka na azurfa a 1913, kafin a koma ƙarfe mai ruwan tagulla a 1920. Waɗannan sulalla na farko sun sha wuta. Wani lokacin ma ba a narka su: a huda tsakiya, a zura a sandar ƙarfe, a bi gefe da masaba a hankali har sulen ya lanƙwashe ya zama zobe, a goge da magagari, a wanke da lemon tsami. In ka duba cikin irin wannan zobe, sau da yawa za ka ga ragowar harufan sunan Sarki Joji na Ingila.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda maƙeri ya raina, wato anini da sisin kwabo da kwabo mai huda. Ba su da azurfa, saboda haka suka kwana a gwangwani da ƙasan akwati, alhali su ne suka fi labari. An fara buga anini da kwabo a 1907, aninin farko ma na sanholo ne. A fuska ɗaya kambin sarauta da darajar kuɗin, har da rubutun Larabci don jama'ar da ta san allo. A ɗaya fuskar tauraro mai tsini shida ya kewaye hudar, wanda malamai suka sani da hatimin Annabi Sulaimanu. Gwamna Lugga da kansa ya faɗa cewa ya ga alamar ce a murfin wata butar tagulla da sojojinsa suka kwaso bayan sun ci Sarkin Sudan na Kontagora da yaƙi. Alamar ta hau tutar Najeriya a 1914, ta kuma zauna a kwabon 1959, har naira ta zo a 1973. Ka ga aikin wani maƙerin fari, wanda ba a rubuta sunansa ba, ya shiga aljihun mutane daga Banjul zuwa Kalaba.

Ba mu kaɗai ke da kuɗi mai huda ba. A Japan, gwamnatin gidan Tokugawa ta fara zuba kwabon Kan'ei Tsuho a 1636, aka yi ta amfani da shi sama da shekara 200. Zagayayye ne, hudarsa mai kusurwa huɗu, kuma a igiya ake shirya shi. Siffar daga Sin suka aro ta, tun kuɗin Japan na Wado Kaichin na shekarar 708, kuma a tsohon tunanin Sinawa, wanda mabiya addinin Tawo suka riƙe, da'ira sama ce, kusurwa huɗu ƙasa. A ƙasashen nan har layu ake zubawa a siffar kwabo, wasu da alamomi takwas na Tawo, kowace layi uku ne, wani a haɗe wani a tsinke. Masu tara tsohon kuɗi a can suna biyan alama da ƙarancin samuwa, ko da ƙarfen bai kai komai ba. A nan sikeli ne alƙali.

Ni dai ban ga laifin maƙeri ba. Kayan kanti masu ruwan gwal sun janye 'yan mata, amarya ta fi son sarƙar Dubai, yaran gida sun gwammace kabu-kabu da zaman zuga. Wanda kasuwa ta matse haka ba za a ce ya zama mai gadin tarihi da yunwa a cikinsa ba. Masu kayan ne ya kamata su yi hattara. Duk wanda ya gaji dala ko sulen azurfa ko kwabo mai tauraro, kafin ya bi ta Ƙofar Doka ya nufi maƙera, ya fara nuna wa malaman tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. In ma zobe ake so, a ware guda ɗaya a ajiye wa jikoki.