Amshi da Duba Kai: Waƙar Jama'a da Zullumin Sauyin Yanayi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda Bahaushe ya ke duba kansa sa'ad da sama ta rikice masa, da kuma dalilin da ya sa ya kan yi haka a cikin taro, da murya ɗaya da ta jama'a, maimakon ya keɓe a ɗaka. An zaɓi Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni don misali, gama a nan ne a ke ganin tsohuwar al'ada da sabuwar damuwa sun gamu.

Ya kamata mu fara da rarrabe kalmomi uku waɗanda a kan gwama su. Tsoro na abin da a ke gani ne, kamar wuta ko maciji. Fargaba kuwa faɗuwar gaba ce, ta kan zo farat ɗaya, ta wuce. Amma zullumi shi ne tunanin abin da bai iso ba tukuna, ya kan kwana da mutum, ya tashi da shi. To, abin da masana na zamani su ke kira damuwar sauyin yanayi, zullumi ne. A 1921 ba wanda ya san wannan suna. A 2021 kuwa wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga binciken da aka yi kan matasa 10,000 na ƙasashe 10, har da Nijeriya, aka sami kashi 59 cikin 100 sun ce abin yana damunsu ƙwarai.

Sunan ne sabo, amma Kanawa sun daɗe da sanin ciwon. Yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984 duk sun bar tabo. A da, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni yankin gonaki ne a bayan ganuwa, ta wajen hanyar Zariya, zullumin mutanensu kuwa shi ne kada damina ta makara, ko ta ɗauke kafin gero ya nuna. Yanzu gonakin sun zama gidaje da kantuna, unguwannin suna cikin ƙaramar hukumar Tarauni. An cike kududdufai da yawa a Kano an yi gini a kansu, leda kuma ta toshe magudanai. Saboda haka zullumin ya juya: wanda kakansa ya ke duban gabas yana fatan hadari, shi yana dubanta cikin watan Agusta yana tunanin katangarsa. Fashewar madatsar Bagauda a 1988, da ambaliyar 2022 wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, da ta Maiduguri a 2024, su ne su ke ƙara wa wannan tunani nauyi.

Hanya ta farko da jama'a su ke bi da zullumi irin wannan ita ce roƙon ruwa. Bisa ga mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana, liman ya kan fita da jama'a da hantsi, a yi raka'a 2, ya yi huɗuba, sa'an nan ya juya mayafinsa. Malamai sun ce juya mayafi fata ne Allah ya juya halin da a ke ciki. Ban da salla, akwai zagayen da yara da tsofaffin mata su kan yi suna waƙa, ɗaya na bayarwa, saura na amsawa. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne wakilin sunan da ya fi yawa a irin wannan roƙo: "mu" ne, ba "su" ba. Ba a cewa wane ne ya jawo fari. Kowa ya kan sa kansa cikin masu laifi, kāna ya nemi gafara.

Hanya ta biyu ita ce zikiri. 'Yan Ƙadiriyya suna haɗa shi da bandiri, wanda Shehu Nasiru Kabara, da ya rasu a 1996, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen yaɗa shi a Kano. 'Yan Tijjaniyya kuwa suna zama wazifa kullum, da zikirin Juma'a bayan la'asar, ba tare da kiɗa ba. Ko da ya ke masu yi ba za su kira wannan waƙa ba, ibada ce a wurinsu, duk da haka gininsa ya yi kama da na waƙar baka: kalmomi kaɗan, a maimaita su da yawa, a kan kari ɗaya.

A nan ne maganar amshi ta shigo. Waƙar baka ta Hausa, ko ta gayyar noma ce, ko ta daka, ko ta fada, yawancinta kashi biyu ce, watau jagora da amshi. Jagora shi ya ke kawo sabuwar magana, dole hankalinsa ya tsaya ga abin da zai faɗa. Ɗan amshi kuwa ya riga ya haddace nasa. Bakinsa na aiki, zuciyarsa ta sami sarari. Cikin wannan sarari ne ya ke tuna bashin da bai biya ba, da zumuncin da ya yanke, da mudun da ya tauye. Kuma tun da ya ke muryarsa ta nutse cikin ta jama'a, ba wanda ya san abin da ya ke tunawa. Ga mutumin da kunya ta hana shi faɗin damuwarsa a fili, wannan ba ƙaramar mafaka ba ce. Ashe taro bai hana kaɗaici ba. Shi ne ma ya ke tsare shi.

Amma fa lalle a faɗi iyakar abin. Masana sun tabbatar cewa ɗumamar duniya daga hayaƙin kwal da man fetur da iskar gas ta ke, mafi yawansa kuwa daga ƙasashe masu manyan masana'antu, ba daga Tarauni ba. Kadan mutum ya ɗora wa kansa dukan laifin, ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Har wa yau, kadan duba kai ya tsaya ga baki, bai kai ga kwatar ƙofar gida ba, ruwan Agusta zai shiga ɗaki kamar yadda ya shiga bara. Magabata ba su raba biyun ba: gangar da ta tara mutane a gayya, ita ce ta sa su riƙe fartanya.

Saura abin da ya rataya a wuyan malaman kwalejojin horon malamai. Matan da su ka yi zagayen roƙon ruwa a 1973 yanzu tsofaffi ne, suna ta ƙarewa. Ya kamata a tura ɗalibai su ɗauki muryoyinsu, su rubuta jagora daban, amshi daban, su ƙidaya wakilan suna, su tambayi mai waƙar lokacin da a ke yinta da wanda ya koya mata. Kadan an yi haka, an tsare wa harshe dukiyarsa, an kuma nuna wa yaro mai zullumi cewa kakanninsa sun san wannan hali, sun kuma san abin da a ke yi da shi. Allah ya sa mu dace.