Farin Ƙuda da Maganin Feshi

Idan damina ta wuce, aka kai amfanin gona gida, manoman Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ba su naɗe hannu. Waɗanda ke kusa da dam ko fadama sai su shiga aikin lambu, su dasa tumatir da tattasai da attaruhu, su shuka kuɓewa. To, a cikin lambunan nan akwai wani ɗan ƙwaro mai wahal da su ƙwarai. Sunansa farin ƙuda.

Girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Fikafikansa farare ne fat, kamar an barbaɗa musu gari. A bayan ganye yake zama, sai an girgiza shuka a ga sun tashi kamar toka. Ana ce masa ƙuda, amma ba dangin ƙudan gida ba ne, ɗan'uwan darɓa ne. Bakinsa kamar allura yake, da shi yake huda ganye ya tsotse ruwan. Wannan ɓarna ma da sauƙi. Babbar ɓarnarsa ita ce ɗaukar cuta daga shuka marar lafiya zuwa mai lafiya. Sai ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, ta ƙi 'ya'ya. Haka yake yi wa rogo.

Yawansa ba ɗaya ba ne cikin shekara. Ruwan sama mai ƙarfi yakan kakkaɓe shi daga ganye, sanyin hunturu kuwa yakan jinkirta girmansa. Amma da zafi ya fara shigowa sai ya yaɗu. Mace ɗaya takan saka ƙwai fiye da 100, cikin mako 3 kuwa ƙwan ya zama ƙuda mai saka nasa ƙwan.

Manomi ya ga haka, sai ya sayo magani ya yi feshi. Da fari ƙudan su mutu tuli. Bayan 'yan shekaru ya fesa maganin nan dai, su ko gezau. Sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci gaskiyarsa ne, amma sau da yawa maganin na nan yadda yake, ƙudan ne suka sāke.

Ga yadda abin yake. A ido duk farin ƙuda iri ɗaya ne, amma masana sun gano iri-iri ne fiye da 30, kuma ko cikin iri ɗaya wani ya fi wani jure dafi. A ce misali akwai ƙuda 100 a kan shuka, aka yi feshi, 98 suka mutu, 2 suka tsira. Biyun nan su ne za su haihu, 'ya'yansu kuwa su gaji ƙarfin iyayensu. In aka yi ta maimaita magani ɗaya, ba da daɗewa ba lambun zai cika da jikokin waɗanda magani ba ya kashewa.

An ga wannan a ƙasar Sudan. Can akwai wata babbar gonar auduga ta ban ruwa, ana kiranta Jazira, wadda aka buɗe a 1925. Hausawa da yawa da suka tafi hajji ta ƙasa sun zauna can suna aiki. Don a kashe tsutsar auduga, aka riƙa feshi da jiragen sama sau da yawa kowace shekara. Maganin ya kashe gizo-gizo da ƙananan ƙwarin da ke cin farin ƙuda, shi kuwa ya jure. Kafin 1980 ya zama babban abokin gaban auduga. Kashinsa mai danƙo ya ɓata kaɗa, har masu saye suka rage mata kuɗi.

Saboda haka malaman gona sukan ce kada a yi feshi sai an juya ganye an duba. In ya zama dole, a riƙa sauya irin magani. A rufe bedin yayyafi da gidan sauro, a tuge shukar da ta kamu da cuta a binne ta. Waɗansu manoma sukan daka 'ya'yan darbejiya su jiƙa, su tace, su fesa ruwan. Waɗansu kuma sukan kafa allo mai launin rawaya, su shafa masa mai, gama launin nan yana jan farin ƙuda. Da ya sauka a kai, sai ya manne.