Ɗan Naman Da Ke Auna Sukari A Jinin Mutum

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Agege ko Sabon Ibadan da sassafe ya san yadda ɗan dako ke karya kumallo: shayi kofi guda, sukari cokali huɗu, ga rabin burodi. Daga nan wataƙila ba zai ƙara sa komai a baki ba sai la'asar. Amma in lafiyayye ne, sukarin da ke yawo cikin jininsa duka bai cika yin nisa da cokalin shayi ɗaya ba, ko ya ƙoshi ko yana jin yunwa.

Mai wannan awo kuwa wani ɗan nama ne kwance a bayan tumbi, tsawonsa kamar inci 6, likitoci na ce masa fankiriyas. Ba saifa ba ce, ba kuwa matsarmama ba. A cikinsa akwai 'yan ƙananan ƙwayoyi wajen miliyan guda, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. Su ke zuba sinadari iri biyu cikin jini.

Na farko sunansa insulin. Da shayin nan da burodi sun narke, sukari ya hau, sai insulin ya buɗe masa hanya ya shiga tsoka, ragowar kuma a yi ajiyarsa a hanta. To, can da rana, ɗan dako yana ta jidar buhuna ciki ba komai, sai na biyun, watau gulukagon, ya sa hanta ta sako ajiyar nan kaɗan-kaɗan.

Ciwon sukari shi ne insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina sauraronsa. Sai sukari ya taru a jini har ya fita ta fitsari. Alamunsa ƙishirwa ba iyaka, yawan fitsari da dare, rama alhali ana cin abinci, da gyambon da ya ƙi warkewa. Wanda ya ga haka, kuskure ne babba ya tsaya shan jiƙo a bakin tasha. A asibiti ana gwada jini kafin a karya, in awo ya kai 126 sau biyu, ciwon ya tabbata. In an bar shi yana cin ido da ƙoda, yana sa a yanke ƙafa.

Fatake da mahauta za su so jin wannan: a 1922, a birnin Toronto na Kanada, daga fankiriyas ɗin shanu aka tace insulin ɗin da ya ceci wani yaro ɗan shekara 14. Sai a 1982 aka fara sayar da wanda ba daga dabba ya fito ba.

Allurar kuma tana da nata haɗari. Wanda ya yi ta sa'an nan ya fita nema bai ci komai ba, sukarinsa na iya faɗuwa, gumi ya keto masa, jiki ya ɗau rawa, magana ta rikice. In yana iya haɗiya, a jiƙa sukari cokali uku a ba shi nan take. In ya suma kada a ɗura masa komai, a ruga da shi asibiti.