Ƙyallin Turkuɗi: Daga Marinar Kura Zuwa Kasuwar Tanut

Wanda duk ya saba da kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, ya san rawanin nan na Abzinawa masu gangarowa daga wajen Tenhiya: baƙi ne amma ba baƙi ba, shuɗi ne mai duhu, in rana ta doke shi sai ya riƙa walƙiya kamar gogaggen ƙarfe. Su suna ce masa alasho, masu yin sa kuma turkuɗi suke kiran ƙyallen. Saurayi mai koyon ɗinki ko mai ɗaukar hoto da waya, wanda kullum idonsa na kan abin da ake yayi a Yamai da Legas, zai amfana in ya san yadda ake samar da wannan walƙiya.

Ba a Damargu ake yin sa ba. Gidansa ƙasar Kano ce, musamman garin Kura da ke kudu da birnin. Masaƙa kan saƙa zaren auduga siriri, su fitar da ƙyallaye marasa faɗi, wasu ba su fi faɗin yatsa ba, sannan a harhaɗa su da allura ɗaya bayan ɗaya. Yawan ƙyallayen da aka haɗa na daga cikin abin da ke ɗaga kuɗin rawani.

Daga nan sai marina. Karofi rami ne mai zurfi da ake cikawa da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a riƙa motsawa da muciya ana barin shi kwanaki har ya ruɓe ya tashi. Ga inda abin yake: shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai ruɓewar nan ta cinye iskar da ke cikin ramin, tokar kuma ta ba ruwan kaifi, kafin ya narke ya shiga cikin zare. Shi ya sa ƙyalle ke fitowa daga karofi kore-kore, sai ya sha iska a gaban idonka ya koma shuɗi. Kowane tsomi ɗan launi yake ƙarawa. Mai son duhu sosai dole ya tsoma ya fitar, ya tsoma ya fitar, ba a gaggawa.

Amma rini kaɗai ba ya kawo walƙiya. Aikin masu bugu ne. Su kan shimfiɗa ƙyallen a kan gungumen itace, su barbaɗa garin shuni, su ɗan jiƙa shi, sannan su hau bugu da manyan gudumomin itace. Bugun na danne zaren ya kwanta sumul, ya kuma manna shunin a saman ƙyalle. Tunda a sama yake zaune, yana zuba a goshi da kumatu, kuma daga nan Turawa suka samo kiran Abzinawa shuɗɗan mutane. Mai alasho ba ya ganin wannan aibi ne, ado ne. Ba ya kuma wanke shi, don ruwa na tafiya da abin da ya biya kuɗi a kai.

Ta yaya ɗanɗanon makiyayan hamada ya riƙe sana'ar wani gari a Kano? Hanyar ayari ce. Raƙuma kan sauko daga Abzin, su yada zango a Damargu su ɗauki gero, su wuce Damagaram zuwa Kano, su koma da tufafi. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Damargu a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya kuma rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa nesa. Daga 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, irin wanda ake rina wandon jins da shi yau, sai karofi ya fara ja baya. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ramuka da yawa yanzu a bushe suke.

Son walƙiyar dai bai mutu ba. Shaddar da samari ke kai wa masu bugu kafin Sallah, wannan tsohon ɗanɗanon ne a sabon yadi. Alphadi, fitaccen mai zanen tufafi na Nijar, ya gane haka: da zai buɗe bikin nuna tufafi na FIMA a 1998, bai kai shi babban otal ba, hamadar Tigidit kusa da Agadas ya kai shi. A ganina matasanmu sun fi shi kusa da kayan aikin, su ne dai ba su juyo sun duba ba. Siraran layukan ɗinkin turkuɗi kaɗai sun isa a zana wuyan riga ko jakar hannu da su.

Ga mai ɗaukar hoto kuwa, sanin bugu na warware masa wata matsala. Waya in ta ga baƙin ƙyalle sai ta ɗauka wuri ya yi duhu, ta ƙara haske da kanta, rawanin ya fito toka-toka, rairayin bayansa ya yi fari fat. Ranar tsaka kuma ta sama take dukan sa, ba ta nuna naɗin. Ka jira hantsi ko bayan la'asar, ka tsaya yadda hasken zai zo ta gefe ya fito da walƙiyar bugun, ka taɓa fuskar mutumin a allon wayar ka ɗan rage haske. Kafin duk wannan, ka yi sallama ka nemi izini, kada kuma ka ce wa dattijo ya sauke amawali don fuskarsa ta fito, domin a wurinsa rufe baki mutunci ne.